Koren Katin Ɗan'inna Tela

Duk faɗin Kwarin Giginya, ƙauyen nan da ke gefen hanyar Jahun zuwa Dutse, da ƙyar za ka sami mutum biyu da za su iya gaya maka sunan yankan Ɗan'inna tela. Uwarsa ta same shi ne bayan ta binne 'ya'ya da dama, don haka ta hana shi kiwo, ta hana shi rafi, ta hana shi hawan bishiya, kullum yana maƙale a gindinta. Sa'o'insa suka laƙaba masa Ɗan'inna don tsokana, sunan ya bi shi har furfura. Da ya tasa aka yi ta neman sana'ar da babu rana babu ƙaya a cikinta, daga ƙarshe aka kai shi Jahun wurin wani tsohon tela. A can ya koyi zama wuri ɗaya, da riƙe allura a baki, da ƙarancin magana. Ya dawo gida da baƙin keken ɗinki na ƙafa wanda ya girme shi, ya kafa shi a zauren gidansu.

Mutum ne mai sanyin hali, amma yana da taurin kai irin na masu shiru, wanda ba ka ganinsa sai ka yi karo da shi. Akwai ƙa'ida guda da ya gada daga maigidansa, ya riƙe ta kamar farilla: wanda ya yanka yadi shi ke ɗinke shi. In wani tela ya sa almakashi a ƙyalle, to Ɗan'inna ba zai taɓa shi ba ko da mai shi zai yi kuka. A ganinsa ɗauke aiki daga hannun mai sana'a a kai wa wani zagi ne, ya fi a zagi uban mutum a kasuwa. Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, Dutse ta cika da baƙi da motoci, wani ɗan kwangila ya tsaya a ƙofar zaurensa da shadda mai tsada wadda wani tela ya yanka ya yi masa nawa. Ɗan'inna ya juya shaddar, ya yaba yankan, ya naɗe ta da kyau ya miƙa masa. Ya ce, "Alhaji, koma masa da ita, ka ba shi haƙuri ya ƙarasa." Mutanen gari suka daɗe suna ba da labarin, wasu don yabo, wasu don su nuna maka irin wautar da ke hana talaka arziki.

Shekarun farko na sabuwar jiha sun yi masa daɗi. Masinjoji da direbobin ofis da ke kwana a ƙauyuka saboda tsadar haya suna kawo masa kaftani da 'yar shara. Amma ginshiƙin gidansa kasuwar Alhamis ce da ke ci a garin da ke gaba da su. Ran nan zai kwance kan keke ya ɗaure a bayan basukur, ya kai rumfarsa inda ya ajiye wata tsohuwar ƙafar keke, ya wuni yana faci da ɗinkin gaggawa ga Fulani da manoma. Abin da ya samo ran Alhamis shi ne cefanen mako. Da la'asar zai dawo wa matarsa Mu'minatu da nama a ganye, shi kuma da ƙullin dabinon Dutse a aljihu. 'Ya'yansu mata duk sun yi aure, namijin da suka samu bai rayu ba, gidan daga shi sai ita.

Ciwon ya shigo ne a hankali, kamar ɗigar ruwa a rufin azara. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga rama har wandon da ya ɗinka wa kansa ya koma kamar na aro. An yi jiƙe-jiƙe, an sha rubutu, an ce shawara ce, an ce basir ne. Sai da wani direba ya lura tururuwa na taruwa inda ya tsuguna, ya ce masa, "Malam, wannan suga ne, ka tafi Dutse."

Inda ya je wani ƙaramin asibiti ne a bayan Yalwawa, wanda wata ƙungiyar 'yan kasuwa da ma'aikata ta gina don taimakon masu ciwon da ba ya warkewa, irin su suga da hawan jini. Ɗaki uku ne da baranda. A gaskiya an gina shi da kyakkyawar niyya, kuma ba za a hana su ladansu ba. Kati iri biyu suke da shi. Koren kati ana biyansa sau ɗaya da kaka, ya kai mutum har wata kakar. Da shi nas zai gwada maka jini da fitsari, ya ba ka ƙwaya, ya wanke maka ciwo in kana da shi, ran Litinin ko Laraba. Farin kati kuwa na ganin likita ne, ana sayensa duk zuwa, kuma likitan daga Kano yake zuwa, ran Alhamis kaɗai.

To, da farko mutane sun riƙa shiga ta ƙofar nas da koren katinsu, in sun hango likita su tare shi a baranda su buɗe masa ciki da baya kyauta. Kuɗin man motar likita ya gagara fita. Kwamitin ƙungiya ya zauna, aka sha lemo, aka fito da doka: ba a haɗa kati biyu a rana ɗaya. Duk ranar da likita ya duba mutum, ko da kallo ne, koren kati ba ya aiki ran nan, sai a biya farin kati, a kuma biya duk abin da nas ya yi, tun daga auduga har bandeji, a farashin waje. Masu dokar duk mazauna Dutse ne, mafi nisansu acaɓa ɗaya ke kawo shi. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tsayawa bakin titi tun hantsi yana jiran a-kori-kura. Ba mugunta suka yi ba, rashin tunani ne, kuma ni ban ga wanda rashin tunanin mai ƙoshi ya taɓa yi wa sauƙi ba.

Nas ɗin wurin wani saurayi ne, Abdulkahar, ɗan gidan malamai, mai sanyin murya da sanyin hannu. Tun ran farko ya durƙusa ya gaida Ɗan'inna, ya kira shi Baba. Ya zauna ya yi masa bayanin abin da zai ci da wanda zai bari, har ya sa hannu a aljihun Ɗan'inna ya zaro ƙullin dabino yana dariya. Ɗan'inna, wanda bai da ɗa namiji, ya ji yaron ya kwanta masa a rai. Da ƙaramar Sallah ya ɗinka masa kaftani ba tare da ya auna shi ba, ya kuwa zauna masa cif. Shekara biyu ana haka, jiki ya ɗan dawo, keke na ta kuka a zaure.

Wata rana yana guga, garwashi ya faɗo daga dutsen guga ya sauka a bayan ƙafarsa ta dama. Bai ji ba. Ƙaurin fata ne ya sa ya duba ƙasa, ya ga abin yana cinsa. Ya kaɗe, ya shafa man keke, ya ci gaba da aikinsa, har yana gaya wa Mu'minatu cikin raha cewa ya zama ɗan tauri da tsufansa. Ƙafar dama kuwa ita ce mai taka feda. Da ita ya ci, da ita ya aurar da 'ya'yansa, ita ta san lokacin da za a sassauta a kwana da lokacin da za a saki gudu.

Ƙunar ba ta warke ba. Ta zama miki, mikin ya zama gyambo. Duk Litinin Ɗan'inna zai shiga mota zuwa Dutse, Abdulkahar ya kwance, ya wanke, ya kankare ruɓaɓɓen nama, ya naɗe da sabon bandeji. Lokacin kuma wahalar man fetur ta yi tsanani, kuɗin mota kullum sai ya tashi, zuwa ɗaya a mako ma da ƙyar ake haɗa shi.

Wata Litinin Abdulkahar ya daɗe yana kallon ciwon kafin ya yi magana.

"Baba, da dai likita ya ɗan leƙa ƙafar nan. Ran Alhamis, in Allah ya ba da iko."

Ɗan'inna ya dube shi. "Ka gaji da ni ne, ɗana?"

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan."

"To ka ci gaba da aikinka. Ni ban ga laifin hannunka ba."

Abdulkahar ya sunkuyar da kai. An rene shi a gidan da ba a maimaita wa babba magana, ba a kuma tsoratar da marar lafiya. Abin da ya kamata ya faɗa a fili, cewa ƙafar nan ta fi ƙarfinsa kuma za a iya rasa ta, bai faɗe shi ba. Shi kuwa Ɗan'inna a hanyar gida ya yi lissafinsa. Alhamis kasuwa ce, in ya bar ta babu cefane. In ya je ran nan ga farin kati, ga kuɗin wanki da koren katinsa ba zai biya ba. In kuma ya raba, Litinin nas Alhamis likita, kuɗin mota biyu ke nan. Ta ko'ina ya juya gaba kura ce baya sayaki. A ƙarƙashin duk wannan kuma akwai abin da bai gaya wa kowa ba: yaron nan shi ya fara aikin, da wane ido zai wuce ƙofarsa ya kai wa wani?

Mu'minatu ce kaɗai ke iya yi masa magana kai tsaye.

"Malam, ƙafa ba yadi ba ce. Ka je likita ya gani."

"Yaron ya san aikinsa."

"Shi da bakinsa ya ce ka je."

"Kunya ce irin ta 'yan gidan mutunci. Ke ba ki san sana'a ba."

Ta ci gaba da tankaɗe. Daga baya ta sayar da tunkiyarta ta ba shi kuɗin don ya je ran Alhamis. Ya karɓa ya yi godiya, ya sayo zare da sabon bel na keke, saura ya ce a ajiye saboda azumi.

Sai ga wata Litinin da Allah ya kawo likitan ba ranarsa ba. Kwamiti ne ya kira shi taro a ofishin da ke ƙarshen baranda. Ɗan'inna na zaune a benci a ɗakin nas, ƙafa a kan kujera a buɗe, lokacin da aka ji tsayawar motarsa. Abdulkahar ya miƙe da sauri ya leƙa ta taga, fuskarsa ta washe.

"Baba, ga likita nan. Bari in roƙe shi ya shigo, minti biyu kawai."

Idirisu mai kati, wanda tagarsa ke manne da ɗakin, ya ji. Ya zagayo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu. Shi ma ba mugu ba ne, magidanci ne mai iyali, kuma an taɓa yanke masa albashi a kan irin wannan.

"Malam Abdul, ka san dai yadda abin yake. In ya shigo ya duba, dole in rubuta fari, in kuma rubuta wankin yau. Ga 'yan kwamiti can a zaune, idonsu a kanmu. Ku yi mini rai."

Abdulkahar ya laluba aljihunsa, alhali ya san babu komai, don su ma an yi wata da watanni ana ja musu albashi. Ya juyo.

"Baba, akwai wani abu a jikinka? Ko rabi ne, in ya so in tsaya maka."

A aljihun Ɗan'inna kuɗin komawa gida ne kawai. Amma ba wannan ne ya fi ƙona masa rai ba. Ya ga yaron da yake ƙauna yana lalube a gaban mutane saboda shi, yana shirin fita ya gaya wa na gaba da shi cewa aiki ya gagare shi. Ya tuna ranar da maigidansa a Jahun ya karɓe riga daga hannunsa ya miƙa wa wani almajirin ɗinki, yadda ya kwana biyu bai iya cin abinci ba.

"Zauna, ɗana," ya ce. "Kai ka fara, kai za ka ƙarasa. Waraka ta Allah ce."

Takalmin likita ya taho a baranda. Mutum ne mai fara'a, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya gaida tsoho da girmamawa.

"Abdul, lafiya dai? Akwai wani abu?"

Ɗan'inna ya ja gefen babbar rigarsa ya rufe ƙafar. Ya yi hakan a natse, kamar mai gyara zama. Abdulkahar ya buɗe baki, ya dubi Idirisu, ya dubi tsohon da ke girgiza masa kai a hankali.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe," ya ce.

Likita ya ce madalla, ya wuce taronsa. Tsakanin idonsa da ciwon bai fi taku uku ba. Abdulkahar ya naɗe ƙafar ran nan, bai yi wasan da ya saba yi ba. Ɗan'inna kuwa ya hau mota zuciyarsa fari ƙal, yana ganin ya rufa wa yaro asiri. Duk lokacin da na tuna wannan rana raina ɓaci yake yi, don mutum huɗu ne a wurin, babu azzalumi ko ɗaya, aka kuma taru aka yi zalunci.

Azumi ya kama, ɗinkin Sallah ya taru. Ɗan'inna ya daina zuwa ko Litinin ɗin, ya ce sai bayan Sallah. Yana taka feda da ƙafa a naɗe, bandeji na jiƙewa yana canzawa da tsumma. Yatsun suka fara baƙi. Wari ya fito, Mu'minatu ta riƙa turara zaure da turaren wuta tana cewa don sauro ne. A masallaci ya lura na kusa da shi a sahu suna ɗan matsawa, babu wanda ya ce uffan. Ya koma yin sallah a gida, kuma wannan ya fi ciwon yi masa zafi, tunda ciwon ma ba ya zafi.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah zazzaɓi ya kayar da shi a kan keke. Maƙwabta suka ɗauke shi a a-kori-kura, aka yi sa'a ko rashin sa'a ran Alhamis ce. Aka sayi farin kati, aka biya wanki, babu wanda ya tsaya ciniki. Likita ya buɗe ƙafar, ya rufe, ya fita baranda. Da ya dawo bai yi faɗa ba, ya rubuta takarda ya ce a wuce Kano yau ɗin nan. A Kano aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Gonar gado da ke bayan gari aka jinginar, ba ta kuma dawo ba. Kayan Sallar mutane na nan a zaure, wasu an yanka ba a ɗinka ba, masu su suka zo suka kwashe suka kai wa wasu teloli, waɗanda suka karɓa ba tare da wani dogon tunani ba.

Bayan ya dawo gida Abdulkahar ya zo duba shi da sabulu da lemon zaƙi. Ya zauna a ƙasa kusa da tabarma, ya kasa ɗaga ido.

"Baba, da na kira shi ran nan."

"Ni na hana ka."

"Da na ƙi jin maganarka."

"Da ka ƙi ji da ba kai ba ne. Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Ka daina kuka, kai fa namiji ne."

Bai fi 'yan watanni ba Abdulkahar ya ajiye aikin ya koma garinsu wajen Garki, aka ce ya buɗe ɗan kantin magani. Kafin ya tafi ya kai ƙorafi gaban kwamiti a kan dokar kati biyu. Suka saurare shi, suka yi jimami, suka ce lallai matsalar ita ce mutane ba su fahimci dokar ba. Sai suka sa aka rubuta ta da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, aka kafa a baranda.

Zaman shekarun da suka biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Kasuwar Alhamis ta wuce, tunda babu hawan basukur. Mu'minatu ta shiga yin ƙuli-ƙuli da daddawa, surukai na aiko da abin da ya sawwaƙa, wanda bai taka kara ya karya ba. Sun gwada ita ta taka feda shi ya riƙe ƙyalle, amma ƙafar wani ba ta jin hannun wani, allura kawai suka yi ta karyawa, ga ta da ciwon gwiwa. Ya gwada juya keken da hannu, ɗinki ya riƙa fita a karkace, ya kwance ya ce ba zai ba mutane wannan ba. Daga nan ya sa aka matsar da kujerarsa gefe, ya ɗora ƙafar hagu a kan feda, ya koma ɗan koyo da furfurarsa. Keke ya yi ta komawa da baya yana tsinka zare. Ya yi watanni yana ɗinka tsummoki yana farkewa kafin ƙafar ta koyi abin da 'yar'uwarta ta sani. Koren kati kuwa duk kaka sai Mu'minatu ta san yadda ta yi ta sabunta shi, ko da yake sabon nas ɗin bai san sunansa ba, kuma hawa mota da sanduna ya sa zuwan ya zama sai jefi-jefi.

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, mutanen Kwarin Giginya suka cika motoci zuwa Dutse, suka dawo da kabbara da dasasshiyar murya. Ɗan'inna ya saurara a rediyo daga zaure, ya yi hawayen farin ciki kamar kowa. An ce za a tara zakka a duba marasa ƙarfi, har aka zo aka rubuta sunansa. Abin da ya iso zaurensa da gaske shi ne hijabi. Kowace mace tana so, babba da yarinya, har da 'yan makarantar Islamiyya da malaminsu ya ce launi ɗaya yake so. Manyan teloli na raina aikin don ba shi da ado ba shi da tsada, sai ya gangaro wurin gurgun tela. Hijabi ba ya son gwaninta, gudu yake so: dogon layi daga wuya har ƙasa, ka juyo ka bi baki, ka ɗauki na gaba. Ƙafa ba ta hutawa. A karon farko tun da aka yanke masa ƙafa, aka dafa nama a gidan da kuɗin keke, Mu'minatu ta biya mai gero, shi kuma ya fara tsokanarta kamar da.

Sai wata rana da hantsi, Sallah ta ƙarato, yadi a jibge a gefensa, ya ji keke na ƙwace masa. Ƙafar na zamewa daga feda. Ya ɗauka mai ne ya ɗiga, ya sunkuya da tsumma zai goge. Ba mai ba ne. Ya kamo ƙafar da hannu ya juyo tafinta. A ƙarƙashin babban yatsa, daidai inda ƙarfe ke gugarsa, fata ta saɓule, rami ya buɗe, gefensa ya riga ya yi duhu. Ba ciwon yau ba ne, ba kuma na jiya ba. Ya danna wurin da yatsa, bai ji komai ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a Kano, don wancan karon bai san hanyar ba, yanzu kuwa ya san ta tasha-tasha.

Ya kira Mu'minatu. Ta fito hannunta da ƙullun ƙuli, ta gani, ta durƙusa a gabansa.

"Gobe sai Dutse," ta ce.

"Gobe Laraba. Nas zai wanke ya ce in dawo jibi."

"To mu je Alhamis."

"Da me? Kuɗin yadin nan na mutane ne, na ɗinkin kuma mun ci rabi. In likita ya gani cewa zai yi in daina taka keke. Ke kin san haka zai ce."

"Sai ka daina."

"Mu ci me?"

Ta dubi tulin yadin, ta dubi sandunansa da ke jingine a bango. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Malam, ita kaɗai ta rage."

"Na sani, Mu'mina. Ita ce kuma ke ciyar da mu."

Daga waje wata yarinya ta yi sallama, ta ce innarta ta aiko a tambaya ko an gama. Ɗan'inna ya ɗaga murya ya ce ta dawo bayan la'asar. Mu'minatu ta tashi ta ɗebo ruwan ɗumi da gishiri ta wanke ramin. Ta tona cikin ragowar yanka ta zaɓi ƙyalle fari mai laushi, ta ninka, ta naɗe yatsan ta ɗaure. Ta goge jinin da ke kan feda tas. Sannan ta ɗaga ƙafar da hannu biyu ta ɗora masa a kai, ta gyara mata zama, don shi ba ya jin inda take.